Taku Huɗu Baya da Sifili

Daura ba ta taɓa yin masanin sirrin duniya kamar malaminmu na lissafi ba. Littafin jikata ne ya tuna mini da shi yau.

Shekarar da sababbin babura suka cika gari, ana jibi jarrabawar shiga kwaleji, ya ja layi a rairayi, ya tsayar da ni taku huɗu baya da sifili.

"Me zai maida kai sifili?"

"Huɗu gaba, Malam!"

"Da me za ka ninka huɗun bayan nan ta zama ɗaya?"

"Kwata!"

"Kwatan baya, ɗana! Baya sau baya ke ba da gaba!"

Na yi ihun na gane. Ya daka tsalle, ƙurar alli na tashi daga rigarsa.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Tambayar ta fito a jarrabawar, amma na rubuta kwatan gaba.