Awon Dewey

Orval Stroud mai walda ne a garin Adelanto, kuma da abu biyu aka san shi: faɗin kafaɗa da taurin kai. Bayan yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka jibge tankunan man jiragensu a filin gwangwan, samari suka yi caa a kansu. Tankin dogo ne, da tsini gaba da baya, iska ba ta riƙe shi. A tsaga shi biyu, a cusa inji, a sa taya huɗu, an sami motar tsere ke nan. A 1949 Orval ya ɗauko nasa, shi da ƙaninsa Dewey.

Irin wannan mota da jikin direba ake auna ta. Dewey ɗan tsurut ne, sai ya kwanta cikin rabin tankin, Orval ya zagaye shi da alli, ya yi waldar ƙarafa daidai kan zanen.

"Ka matse ni, Ƙato," in ji Dewey.

"Ba gudu kake so ba? In sarari kake nema, je ka hau bas."

"To, amma sai ta yi gudun mil ɗari da hamsin a awa a busasshen tafkin El Mirage. Ka yi alkawari."

Orval ya yi. Saura wata biyu su gama aka kira Dewey yaƙin Koriya, bai dawo ba.

Orval ya ƙarasa motar shi kaɗai. Ya zo shiga, kafaɗu suka ƙi, inci biyu kacal. Abokai suka ce ya yanke ƙarfen ya faɗaɗa, aikin minti goma ne. Ya ce awon Dewey ne, ba mai taɓawa. Suka ce to ya ba wani siririn yaro ya tuƙa. Ya ce ba zai kwantar da bare a makwancin ƙaninsa ba. Wallahi mutumin nan ya ba mutane haushi, ya kuma ba su tausayi.

Ya bar giya, ya bar soyayyen dankali. Tumbi ya tafi, kafaɗu na nan daram. Duk lokacin tsere matarsa Lorene takan ja motar da akori-kurarsu zuwa tafki, Orval ya wuni yana yi wa motocin wasu walda, da yamma su jawo tasu gida ko tayar da ita ba a yi ba. Haka suka yi shekara ashirin da huɗu.

Sai ciwon huhu ya kama shi, ya dinga cin namansa. Wata safiya Lorene ta same shi a gareji, kwance cikin tankin, yana dariya yana tari.

"Lorene, kin gani? Na shiga."

Ta juya fuska ga bango, don ta san abin da ya shigar da shi.

Da lokacin tsere ya zo suka ja motar zuwa tafki. A can akwai doka: kafin a bar direba ya yi gudu, sai ya kwance bel, ya ɗaga murfi, ya fito da kansa kafin a ƙirga talatin, saboda gobara. Mai duba motocin ranar Hoyt ne, tsohon abokinsa. Hoyt ya dinga jan ƙirgar kamar mai jin barci. Ya kai talatin, ya wuce, ya kai hamsin. Orval yana ta mutsu-mutsu, ko zama ya kasa yi.

"Ba zan sa hannu ba, Ƙato," in ji Hoyt. "In ta kama wuta, me zan ce wa Lorene?"

"Na sani. Yi aikinka."

Lorene ta matso. Ta rufe masa murfin, ta sa hancin akori-kura a bayan motar yadda ake yi in za a tayar da inji. Ta tura shi can gefen tafki, nesa da layin tsere, ta yi ta tura shi inji a kashe, tana kuka, allurar auna gudu na kan arba'in. Da ta tsaya, ta buɗe murfin.

"Nawa muka yi?" ya tambaya.

"Ɗari da hamsin da biyu."

"Maƙaryaciya," in ji shi a hankali, yana murmushi.

Hoyt ya iso, shi da ita suka ciro shi. Orval ya waiga cikin tankin kamar yadda ya saba, don ya ga zanen da ya yi shekaru yana hana kowa taɓawa. Babu shi. Mutsu-mutsun da ya yi ya goge shi tas, allin duk yana bayan rigarsa. Ya daɗe tsaye a jingine da matarsa, yana kallon cikin tankin.

Bai ga ƙarshen shekarar ba. Lorene ta rataye rigar a ƙusa cikin gareji, ba ta wanke ta ba.