Ruwan da Dada Asta Ta Tono Mana

Akwai ranar da ba ta fita daga raina a duk shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ita ce ranar da muka raka ayarin 'yan gudun hijira daga sansanin Damare zuwa gida. Ku da kuka zo sashen nan bayan abubuwa sun lafa, kun sha jin ina cewa a gwada ruwa a kowane zango. To ga inda maganar ta samo asali.

Lokacin ina matsakaiciyar jami'a a sashen ruwa da tsafta a Jimeta. An fara buɗe hanyar arewa, mutanen da suka daɗe a sansani suna ƙagare su koma kafin damina, su gyara gonaki. Watan Maris ne, kuma kun san zafin Yola a Maris. Shugaban sashenmu, Oga Bello, ya kira ni ofis.

"Saratu, ruwan ayarin nan a wuyanki yake. Manyan motoci biyar, bas ɗaya, da sojojin rakiya. Ba na son in ji ko yaro ɗaya ya yi gudawa a hanya."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ga yadda tsarin yake, don waɗanda ba su taɓa yi ba. Kowace mota ana ba ta jarkoki masu murfi, su za a sha daga safe zuwa rana. Sannan akwai babban tankin roba a bayan mota guda, daga shi ake sake cika jarkokin. Duk ruwan sai an sa masa kulorin, a jira rabin awa, a gwada. Gwajin ba wuya: a zuba ruwa a 'yar kwalba, a jefa ƙwayar gwaji, a girgiza. In ya koma ruwan hoda, akwai sauran magani a ciki yana gadi. In ya tsaya fari, ba mai gadi, komai na iya zama a ciki. Ana gobe tafiya na cika komai daga rijiyar burtsatse, na sa magani, na gwada, na rubuta. Motar tankin ta kwana a Jimeta wurin direbanta, Ɗanjuma, da safe ya same mu a Damare.

Muka wuce Girei, muka wuce Song, muka wuce Gombi lafiya. Wajen ƙarfe goma sha biyu muka iso wani kogi da aka karya gadarsa. Kogin ya ƙafe, sai yashi, motoci kuma ɗaya bayan ɗaya suke gangarawa su haura, mutane na bi da ƙafa. Sajen da ke jagorantar sojoji ya ce za a ɗauki lokaci, amma ƙarfe uku dole mu tashi, domin ba a yarda yamma ta yi wa ayari a wannan hanya ba.

Jarkoki sun kusa ƙarewa, don haka na ce a jero su a gindin tanki. Na buɗe famfo ke nan, wata tsohuwa 'yar siririya ta miƙo ƙwarya. Na zuba mata. Ba ta sha ba. Ta kai hanci, ta shinshina, ta kurɓa kaɗan ta furzar.

"Ɓingel am," in ji ta, wato ɗiyata, "wannan ba ruwan da ka ba mu da safe ba ne. Wannan ruwan Binuwai ne."

Da "ka" take kirana, yadda tsofaffinmu na nan ke yi wa mace da namiji. Na yi dariya na ce, "Dada, ni na cika shi da hannuna daga burtsatse."

"To an ƙara maka. Akwai ƙarnin laka da na kifi. Shinshina."

Na shinshina, ban ji komai ba sai warin roba mai zafi. Amma abin ya tsaya mini a rai. Yaya mutum zai gane kogi da hanci? Na ɗauko kwalbar gwaji don in nuna mata ta yi kuskure. Na jefa ƙwaya, na girgiza. Fari. Na sake. Fari. Na hau motar na buɗe murfin tankin na leƙa, sai ga ruwa ya yi duhu-duhu, ba a ganin ƙasan tankin.

Na hana kowa ɗiba, na kira Ɗanjuma gefe. Da farko ya ce bai san komai ba. Na ce masa, "Ɗanjuma, ba faɗa zan yi ba. Yara ne za su sha." Ya sunkuyar da kai. Ashe da safe ya tarar famfon ya kwana yana ɗiga, tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ya ji tsoron a ce sakacinsa ne. Da ya zo gindin gadar Jimeta ya ga masu noman rani da injinsu a bakin kogi, sai ya roƙe su suka cika masa.

"Madam, na ga ai kin riga kin sa magani a ciki. Na ɗauka zai wadatar."

Laka tana cinye kulorin, abin da bai sani ba ke nan, kuma ban taɓa gaya masa ba. Na ƙirga ƙwayoyin maganin da suka rage mini. Za su ishi jarkokinmu in ruwan garau ne. Amma tanki guda na ruwa mai laka, ko rabinsa ba za su iya ba, kuma ba mu da lokacin jiran ya kwanta.

Na gaya wa Oga Bello, wanda shi ma yana cikin ayarin. Ya cire hula ya share zufa. Akwai wani ƙauye da muke hangowa, ya ce ko a je rijiyarsu. Saje ya girgiza kai. Ya ce ba kowa a ƙauyen, ba a bincika shi ba tukuna, kuma ba wanda ya san abin da aka jefa a rijiyoyin wuraren nan. Ba zai bar kowa ya je ba.

Muna tsaye, sai ga tsohuwar nan a bayana. Sunanta Dada Asta, a lokacin na ji. Ta ce, "Kuna tsaye a kan ruwa kuna neman ruwa?" Ta nuna yashi da haɓa.

Na taɓa karantawa a makaranta cewa busasshen kogi na riƙe ruwa a ƙarƙashi, amma ban taɓa gani ba, ban kuma san inda ake tonawa ba. Saje ya tura sojoji biyu suka duba gaba, ya ce kada mu wuce inda yake ganinmu. Dada Asta ta karɓi sanda, na bi ta ina ta tambaya kamar 'yar firamare.

"Dada, me ya sa ba nan ba? Ga shi kusa."

"Nan mota ta bi, mutane sun bi, yara sun tsuguna. Ruwa daga can yake zuwa, mu je sama da su."

"Can inda yashi ya yi laushi fa?"

"Sawun shanu ne, ba ka gani? Wuce."

Ta tsaya a wata kwana inda kogin ya lanƙwasa, gindin wani dutse, ga giyayya ta yi kore shar a gaɓa alhali sauran itatuwa sun bushe. Ta ce in tsuguna in duba. Sai na ga ƙudan zuma biyar ko shida sun sauka a kan yashi, ba fure ba komai, suna ta tsotso. Ta caka sandar har rabi, ta zaro, ta shafa mini bakinta a bayan hannu. Sanyi, da danshi.

Na tambaye ta ina ta koyi wannan. Ta ce a bayan shanu ta girma. Kowane rani suna gangarowa daga duwatsun wajen Mubi har bakin Binuwai, tafiyar makonni, maza na lura da shanu, mata na lura da ruwa. Yarinyar da ta kawo ruwan da ya ɓata wa mutane ciki, har ta yi aure ana tuna mata.

Maza suka kawo shebur da fartanya daga cikin kayansu. Aka tona rami uku. Da aka kai kamar gwiwa, yashi ya yi jiƙe, da aka kai cinya sai ruwa ya fara tsattsafowa, amma gefen ramin na ruftawa. Ɗanjuma ne ya ruga mota ba wanda ya aike shi, ya kawo bokitan roba, ya huda musu ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi a gindi da gefe, aka dasa su a ciki. Dada ta sa aka kwashe ruwan farko aka zubar can nesa, aka kwashe na biyu, aka kwashe na uku. Na huɗu da ya taso, ana ganin gindin bokiti tar. Muka ɗaura sabon mayafi a bakin kowace jarka muna tacewa, mace ɗaya ce kawai ke ɗiba a kowane rami, bayan ta wanke hannu da sabulu.

A nan muka saɓa da Dada. Na fara jefa kulorin ina rufe jarkoki, na ce sai bayan rabin awa. Mata suka taso, yara na kuka, wata ta ɗaga mini jaririnta ta ce in dubi leɓensa.

Dada ta ce, "Yashi ya riga ya wanke shi. Me kuma ake jira?"

Na ce, "Dada, hancinki ya kama abin da idona bai gani ba. To akwai wanda hanci ma ba ya kamawa, shi ne mai kawo amai da gudawa."

Ta dube ni. "Kwalban nan naka yana ganinsa?"

"Ba ta ganinsa. Mai kashe shi take gani, ko yana nan ko ya ƙare."

Ta juya maganar a ranta. Sai ta je ta zauna daram a kan jarkar farko, ta yi wa matan magana da Fulatanci. Ban ji duka ba, amma ba wadda ta ƙara matsowa. Sauran ruwan safe da ya rage a bas muka raba wa masu goyo da murfin kwalba. Da lokaci ya cika ta ce ita za ta gwada. Na ba ta kwalbar, ta jefa ƙwaya, ta girgiza da yatsu biyu kamar mai tsoron ta fashe. Ruwa ya koma hoda. Ta ɗaga shi sama tana kallo, ta yi dariya har ana ganin dasashinta, ta ce a sake mata a wata jarkar. Sai da ta gwada huɗu na ce ƙwayoyina za su ƙare.

Uku saura kwata muka tashi da jarkoki cike. Ruwan tanki muka bar wa injin mota da wankin ƙafa. Na bi sawun mutanen har mako guda ta hannun ma'aikacin lafiyar garinsu, ba wanda cikinsa ya ɓaci. Oga Bello ya so a ba Ɗanjuma takardar gargaɗi, na roƙe shi ya bari, na ce rabin laifin nawa ne: na ba mutum tanki ban gaya masa abin da zai yi in ya zube ba.

Daga ranar na canza abubuwa. Ina ɗaure murfi da famfon tanki in sa alama. Ina gwada ruwa duk inda aka tsaya, ba inda aka ɗebo kaɗai ba. Ina gaya wa kowane direba cewa in wani abu ya faru ya faɗa mini, ba zan ɗaga murya ba, domin tsoron faɗan oga ya fi ƙwayar cuta saurin ɓata ruwa. Kafin kowace tafiya kuma ina zagaya mutanen da za mu raka, in tambayi wa ya san hanyar nan da ƙafa.

Da na zo rubuta rahoto, na so in sa cikakken sunan Dada Asta, sai na ɗauko rajistar sansanin. Na same ta. Suna, gari, yawan iyali, duk an cike. A gurbin sana'a kuwa, wani ma'aikaci irinmu ya rubuta "Babu". Don haka in an ba ku wannan takarda ku cike, kada ku yi saurin rubuta kalmar nan. Ku ajiye biro, ku sake tambaya.