Matar da Ta Ƙirga wa Baba Rubutunsa

Kafin takwas ta cika ta riga ta buɗe ɗan ofishinta da ke ƙarshen baranda, kusa da sito. Ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna tsohuwar kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi, sannan ta jawo takardun da tsofaffin malaman dabbobi suka ajiye mata. Rubutun hannunsu kuwa, sai dai Allah ya ba mai karatu haƙuri. Shekara goma sha ɗaya tana bugawa tana ɗorawa a shafin intanet na ƙungiyarsu, shafi mai sauƙi wanda ba ya sauya komai da kansa. Duk sabon rubutu sai ta sake gina shafin gaba ɗaya. Mai Shafi suke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanu sun gaji.

Mahaifina yana cikin tsofaffin nan. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya koma zaman ɗaki, ya daina fira, abinci ma sai da rarrashi. Wata safiya ya kira ni.

"Je ki ce mata ta goge nawa duka. Wanda ba ya iya riƙe biro me zai yi da suna a shafi? Dama surutun tsufa ne."

Na kai saƙon da nauyin zuciya, don na san ba rubutun kaɗai yake son shafewa ba. Mai Shafi ta ce, "Ki ce wa Baba na ji. Amma ya ba ni kwana uku, ya san kwamfutar tawa sa'arsa ce, ba ta son gaggawa."

A kwana ukun nan ta liƙa wa shafin wata 'yar manhaja mai ƙirga rubuce-rubuce da kalmomi, ta zana su a jadawali wata-wata kamar sanduna a jere. Manhajar ta yi gardama, domin tsofaffin rubutun da yawa ba su da kwanan wata. Mai sharar ofishin ya shaida mini ya gan ta durƙushe a sito, ƙura har gira, tana zaƙulo takardun asali ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta huɗu ta zo gidanmu, ta gaida Baba, ta miƙa masa wayarta.

"Kafin in goge, Baba, ka ga abin da zan goge. Rubutu ɗari biyu da sha huɗu."

Ya tura baki. Amma ya duba. Yatsansa na hagu ya bi sandunan a hankali, har ya tsaya a wani fili da ba komai, wata bakwai cur.

"Nan fa? Na'urar taki ta yi kuskure."

"Ba ta yi ba, Baba. Shekarar da Inna ta rasu ce."

Mahaifiyata take nufi. Ni dai na juya baya, hawaye sun ƙwace mini. Na so a ce ta ɓoye wannan gurbin, ashe shi ta zo nuna masa.

"Dubi sandar da ke biye," in ji ta. "Duk ta fi tsawo. Ka taɓa tsayawa, Baba, kuma ka dawo. Hannu ne ya tafi. Ni kuma ina da biyu."

Ya miƙa mata wayar. Can ya ce, "Kin zo da takarda?"

Ke ce, Mai Shafi, wadda sunanta bai fito a jadawalin ba ko sau ɗaya, alhali babu kalmar da ba ta bi ta yatsunki ba. Ke ce kika ƙi yi wa tsoho ƙaryar ta'aziyya, kika ba shi gaskiyar da za ta tashe shi zaune. Ina ƙaunarki saboda wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban jama'a.

Mun gode. Allah ya hutar da idanun nan, ya ba ki mai yi miki yadda kika yi mana. Ku kuma masu riƙe da aikin wasu a hannunku, idan mai shi ya karaya ya ce a watsar, kada ku yi saurin bin umarni. Ku fara nuna masa abin da ya gina.

Jiya rubutu na ɗari biyu da sha biyar ya hau shafi. Baba ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce in gaya miki akwai gyara a layi na uku: shi tunkiya ya ce, ba akuya ba.