Yadda Mano Ya Yi wa Motar Amumun Tsaron Rumbu

Duk wanda ya san unguwar da ke bakin lambuna a Arlit ya san gidan Mano, ko don ƙofarsa. Ƙofa ce mai faɗin da kamiyo, babbar motar kaya, zai shige ba tare da ya goga ba, alhali mai gidan ko keke bai taɓa mallaka ba. Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a yankin Tawa. Ya zo Arlit yana saurayi da niyyar yin rani ɗaya, ranin ya ƙi ƙarewa har furfura ta cim masa. Ya yi shekara talatin yana lebura a ma'adinin Akokan, da aka rufe ramin kuma bai koma gida ba. Ya faɗaɗa ƙofarsa, ya share tsakar gidansa, ya shiga ajiye wa masu tafiya motocinsu.

Mano bai iya tuƙi ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Abin da ya iya shi ne abin da ya gada. Mahaifinsa maginin rumbu ne, irin wanda ake ɗauko shi daga ƙauyuka uku, kuma tun Mano yana ƙarami ya san cewa ginin rumbu rabin aiki ne, sauran rabin hana ɓera shiga. A wurinsa mota ma rumbu ce, sai dai ita tana da ƙafa huɗu. Direbobi suna yi masa dariya a kan wannan magana, amma su ne dai masu kawo masa makullai.

Da sanyin bara ya fara shigowa, Amumun ya zo da tsohuwar motarsa mai shiga daji. Amumun mutumin Ayar ne, direba ne tun kafin Mano ya yi aure, kuma motar nan ita ce gonarsa, ita ce garkensa. Yanar ido ta toshe masa ido ɗaya, ta fara kama na biyu, har ya kai yana gane hanya da ƙwaƙwalwa fiye da gani. 'Ya'yansa sun matsa masa ya tafi Yamai a yi masa aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, abin da zai ci wata uku ko huɗu.

Amumun ya tsaya ya dafa murfin injin. Abin da ke damunsa kowa ya sani. Da sanyi ɓerayen lambu kan baro fili su nemi ɗumi, kuma ba su da wurin da suke so kamar cikin motar da aka ajiye. Ba sa cin ƙarfe, wayoyi suke gwaguya. Wayoyin motar Amumun kuwa an daina yin irinsu, ko a Agadas sai an dace.

“Mota na ya tsufa, Mano,” in ji shi da Hausarsa ta mutanen dutse. “In ɓera ya ci waya nasa, shi ke nan. Ni da shi mun zauna.”

“Tahi ka gyaro idonka,” Mano ya ce. “In kusu ya taɓa ko zare guda cikin motar ga, ka sake mini suna.”

Ba cika baki ne kawai ya sa shi faɗin haka ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a cikin wannan motar ya ɗauki matarsa Mairamu da tsohon ciki, zai kai ta gidan iyayenta haihuwar fari. Ruwan da aka yi a kan duwatsu ya cika kori, kwarin da ruwa ke bi, ya cinye titi, Amumun ya ratse ta daji, motar ta mutu a inda babu ko inuwar kirki. Kwana biyu suka yi a wurin. Guzurin fasinja ya ƙare tun ranar farko, Amumun ne ya fito da dabino da cuku ya riƙa ba Mairamu kaɗan-kaɗan, shi kuwa ya ce azumi yake yi. Ba watan azumi ba ne. Yarinyar da aka haifa bayan mako uku, Nusaiba, yanzu tana ɗakin mijinta da goyo. Mano bai taɓa samun hanyar gode wa Amumun yadda ransa ke so ba, don mutumin da an fara zancen sai ya tashi ya ce zai duba ruwan inji. Shi ya sa da makullin ya shiga hannunsa, ya ji daɗi har cikin ransa.

Ya yi wa motar aikin da bai taɓa yi wa wata ba. Ya kwashe komai na cikinta, tabarma, butar shayi, tsummokara, har ƙwayar shinkafar da ta maƙale a ƙarƙashin kujera. Ya kira Muktar makanike ya cire batir, suka ɗaga motar suka ɗora ta a kan duwatsu masu faɗi. Kowace ƙafa ya kewaye ta da fallen kwano mai santsi, tsayinsa ya kai gwiwa, don farcen ɓera ba ya kama kwano. Ya cusa soson ƙarfe a bututun hayaƙi. Ya tokare murfin injin da itace don haske da iska su shiga, tunda ɓera ba ya son gidan da ba rufi. Ya barbaɗa ganyen bedi, wato dogon yaro, da barkono a lunguna. A ƙarshe ya tankaɗe toka ya shimfiɗa ta kewaye da motar, yadda ko tururuwa ta wuce sai ta bar sawu.

Wata maƙwabciya ta ara masa kyanwa. Kyanwar ta duba aikin, ta ga ba a bar mata komai ba, ta hau rufin motar ta yi ta barci har aka mayar da ita.

Kullum bayan sallar asuba Mano kan zagaya ya karanta tokarsa. Sawun ɓeraye na zuwa daga wajen lambu, su iso gindin kwano, su yi dawafi, su koma. Ya riƙa kiran masu wucewa yana nuna musu, kamar shi ya hore su.

A mako na biyar ya buɗe ƙofar gaba don ya sake ganyen bedi, sai ya ga kashin ɓera a kan kujerar direba. Ƙwaya uku, baƙaƙe, sababbi.

 Ya duba toka, babu sawun da ya haye. Ya duba kwanukan, babu wanda ya goce. Ya hau ya duba ko reshe ko igiyar shanya ta taɓa rufin, babu. Ya share kashin, washegari ya tarar da biyar. Ya ɗana tarko da ƙuli-ƙuli, ɓeran ko kallonsa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Ɓeran da ya raina ƙuli-ƙuli a ƙoshe yake. To me yake ci a motar da aka share tas? Mano ya san amsar da yake tsoro. Kwana uku tuwo bai yi masa daɗi ba, ya daina kiran kowa ya ga toka.

Mairamu ce ta gaji da ganinsa yana zagaya mota yana magana shi kaɗai. Ta fito da muciya a hannu ta tsaya, ta kalli motar ta kalle shi.

“Malam, ran da munka maƙale a daji da cikin yarinyar ga, daga ina Amumun ya hiddo dabino?”

Mano bai sani ba. Ranar hankalinsa na kan matarsa, bai ga komai ba sai fuskarta. Ita kuwa da ke kwance a kujerar baya ta gani sarai. Ta ce ba daga jaka ya ciro ba, ƙusa ya kwance da wuƙa a jikin ƙofar baya.

Direbobin daji suna da wata al'ada: akwai guzurin da ba a lissafa shi cikin kaya, ba a gaya wa fasinja, ba a taɓa shi sai ranar da aka maƙale. Ana sake shi duk shekara, a rufe, a manta. Amumun bai ɓoye wa Mano ba, shi a ganinsa wannan ba kaya ba ne, jikin mota ne. Da Mano ya kwance allon ƙofar, sai ga jakar fata ta huje, dabino da cuku sun zama gari, ga sheƙa ta audugar kujera, ga uwar ɓera da 'ya'yanta huɗu. Ashe tare da motar uwar ta shigo gidan. Mako biyar ke nan Mano yana gadin ta, ya kewaye ta da kwano kada wani ya dame ta.

Mairamu ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Mano bai yi ba, sai da Muktar ya zo ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har la'asar. Guda ɗaya tak aka fara gwaguya, ta fitilar baya, ita ma fatar kawai. Dabinon ne ya shagaltar da haƙoran. Da an ƙara mako biyu ya ƙare, da labarin ya sha bamban. Mano ya juya gabas ya yi sujada a nan kan toka, ya tashi da farin goshi.

Amumun ya dawo da zafi ya fara, sanye da baƙin tabarau, yana ganin har ƙudan da ke kan bango. Mano bai bari ya zauna ba sai da ya faɗa masa gaskiya, ya nuna masa wayar da aka naɗe, ya ce ga shi nan, a sake masa suna. Amumun bai kula wayar ba, bai nemi makulli ba. Ya zagaya baya, ya zaro wuƙarsa ya kwance ƙusar. Motarsa ba ta taɓa fita ƙofa da wurin nan a wofi ba.

Hannunsa ya ci karo da gwangwani mai murfin ƙarfe, an daidaita shi da ramin. Ya buɗe. Dabino ne sabo, da cuku a jere, da ƙullin sukari da ganyen shayi.

“Wa ya zuba wannan?”

“Ni ce,” in ji Mairamu daga bakin madafa. “Ai ni na cinye na wancan karon.”

Wannan karon Amumun bai ce zai duba ruwan inji ba. Likita ya hana shi murza ido, don haka ya tsaya riƙe da gwangwanin, hawaye na bin ƙasan tabarau suna shiga rawaninsa. Mano ya ba shi baya, ya durƙusa ya fara kwance kwanon ƙafar gaba.