Shanun Sale a Wayar Baffa Buba

Cikin ranakun aikina a shagonmu na kwamfuta a Gwallameji, akwai wadda har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina teburin juya fayil. Shugabarmu Anti Rahila ce, mace marar yawan magana, wadda ba ta sakin aiki sai ta gani da idonta.

Da hantsi wani dattijo, Baffa Buba, ya sauko daga keke da filashi, ɗan abin ajiye fayil, ƙulle a hankici. Ya ce ɗansa Sale ya taɓa zana shanun gidansu suna motsi, ya sa muryarsa, ya ɗora a intanet. An sayar da shanun, Sale ya rasu, shafin ma ya rufe. Fayil ɗin zanen da ke cikin filashin kaɗai ya rage, kuma ba wayar da ke buɗe shi.

Fayil ɗin na tsohon tsarin Flash ne da aka daina amfani da shi. Ƙa'idarmu a zuba shi a manhajar juyawa, ta fito da bidiyon MP4 da kowace waya ke kunnawa. Na zuba, sai ga shanu tsaye a garke, ba motsi ba murya. Na sake, haka dai. Ni kam har na fara shirya kalmomin ba da haƙuri.

Anti ta sa na jawo tsohuwar kwamfutar da muke ɗora kofin shayi a kanta, ta buɗe fayil ɗin a ciki. Ta danna wata saniya, sai muryar saurayi ta kira sunanta, saniyar ta tako ta fita. Ashe zanen jira yake a danna shi, manhaja kuwa ba ta da yatsa. Mafita ita ce a naɗi bidiyon allon yayin da mutum ke dannawa.

Na miƙa hannu zan bi su daga dama zuwa hagu, in huta. Anti ta tsayar da ni.

"Baffa, wacce ke fara fita da safe?"

"Daneye," in ji shi. "Ba mai wuce ta."

Ta ba shi kujerarta, ta ce in ɗora hannuna kan nasa in nuna masa linzamin kwamfutar da ake dannawa da shi. Ya bi su yadda suka saba fita, kowace uwa da ɗanta a baya. Kwamfutar ta yi ta sandarewa, muna komawa farko, Anti ko tsaki ba ta yi ba. Ban taɓa ganin girmanta kamar ranar ba.

Da muka tura masa bidiyon a waya, ya kalla har ƙarshe, leɓensa na bin muryar Sale. Ya share ido ya ce, "Haka suke fita."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, kafin ku danna komai ku tambayi mai fayil abin da ke ciki. Da na bi son raina, da Daneye, da ke can ƙarshen hagu, ce ta ƙarshe.