Bakina ne ya tashe shi daga kasuwa

Shekarun baya, lokacin ina majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wata ƙaramar likita, asibitin ƙauye, cikin gundumar Mayahi, aka kira mu Tasawa formasiyo, wato horo na kwana uku a kan ɗa'ar aiki. Gaskiya ni abincin rana ya fi ɗauke mani hankali. Wata dattijuwar ungozoma da ta aje aiki ce ke koyarwa, ta fi awa tana maimaita abu guda: sirrin maras lafiya amana ne, ko matarka ba ta da rabo a ciki. Na ce a raina, wannan ai ko ɗan lakwal, yaron makaranta, ya san shi. Ranar ƙarshe na sa hannu a takardar alƙawari, na amshi atestasiyo, takardar shaidar horon, na zo na kafa ta a bangon biro, ofishina, ina jin kaina.

Ba a yi wata huɗu ba wani mahauci ya zo mani. Shi ke da tukubar da ta fi kowace cika ranar kasuwarmu, magidanci mai ƴaƴa biyar. Ya daɗe yana tari, ya rame. Na aika majinarsa Mayahi, sakamako ya dawo: tarin fuka ne. Na yi mashi bayanin cewa wata shida zai yi yana shan magani, kuma ana warkewa sarai. Sai ya kama hannuna.

"Majo, don girman Allah, ya tsaya tsakanina da kai. In mutane suka ji, na tashi daga sana'a."

Na ce, "Haba malam, ai aikinmu ke nan. Kwantar da hankalinka."

Ya riƙe magani da gaske. Ya ba ƙanensa tukuba na ƴan makonni, ya ce ma mutane baya ke damunsa, sai da na ba shi izini ya koma.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar muna fada, majalisarmu ta hira, muna shan shayi, abokina ya miƙe zai sawo mana tsire wurin mahaucin. Sai na ji bakina ya ce, "Kai, je wurin wani dai." Ya tsare ni da tambaya. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina son a san na san abin da ba kowa ya sani ba, sai na rage murya na ce, "Yana shan maganin tari wurina. Kada ka gaya ma kowa." Abin haushin, na san a lokacin ba ya iya sa ma kowa cutar, kuma ba a ɗaukarta a gasasshen nama.

Kafin kasuwa biyu magana ta zagaye gari, kuma a hanya ta sauya kama, tari ya koma sida, wato ƙanjamau. Tukubarsa ta mutu. Nama ya riƙa kwana, har masu ba shi dabbobi suka janye.

Mahaucin ya same ni a biro da safe. Bai zauna ba, bai ɗaga murya ba.

"Majo, ni da kai da Allah muka san zancen nan. Ni ban faɗa ba."

Na buɗe baki na ce wataƙila daga Mayahi ta fito. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa hakanan ne." Ya fita. Bai ƙara zuwa amsar magani ba, saura wata biyu ya gama. Na je gidansa aka ce ya tafi ci-rani Najeriya. Da damina ta biyu aka aiko da labarin rasuwarsa.

Ban san tabbas abin da ya kashe shi ba, kuma ba zan yi ma kaina ƙaryar cewa ba ruwana ba. Na daɗe ina zaton cin amanar aiki sai mugu, mai amsar cin hanci ko mai sayar da maganin gwamnati. Ashe mai surutu ma ya isa, ko da zuciyarsa fara ce.

Bayan rasuwarsa, matarsa ta kawo autansu allurar rigakafi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Majo, Allah ya saka. Marigayi ya ce kai ka tsaya mashi lokacin ciwonsa." Ashe bai taɓa gaya mata ba. Na ce amin, na yi ma yaron allura. Har na bar garin ban iya faɗa mata gaskiya ba.