Ranar da Na Shayar da Inabin Baba Bulus

Bazara ce, watan Maris, kuma zafin Minna na shekarar nan har yau ina jin sa a tafin ƙafata. Lokacin ina aiki a gandun renon itatuwa na ofishinmu. Ga waɗanda ba su sani ba, mu ne masu cika baƙar leda da ƙasa da taki, mu dasa, mu yi ban ruwa safe da yamma har dashe ya isa a raba wa manoma.

Shugaban sashenmu, Malam Garba, ya ji labarin wani dattijo ɗan kudancin Kaduna, Baba Bulus, da ya yi ritaya ya kafa gonar inabi a bayan Paiko. Nasa ba na ci ba ne, na matsewa ne, coci-coci ke saya. Oga, wato Malam Garba, yana so mu ma mu fara renon inabi, amma na ci, kuma Baba na da layi biyu na irinsa. Ba da iri ake shuka shi ba, reshe ake yankowa. An ce mutum uku sun je roƙo sun dawo hannu biyu. Idan aka hana mu, shirin ya mutu tun a takarda, ga shi Oga ya riga ya kai maganar sama.

Muka tafi mu uku, har da abokiyar aikina Asabe. Tun a mota ta fara: "Maman Hauwa, yau dai za ki gaisa da giya tun tana jaririya."

Na ce, "Itace ba ya da laifi, Asabe."

Gonar ta ba ni tausayi. An ɗora itacen bisa waya kamar shanya, 'ya'yan ƙanana baƙi wuluk, ganyen ya yi laushi, ƙasa ta tsage. Baba ya ja Oga da Asabe zuwa ɗakin matsa, ni kuwa na ce zan tsaya in yi azahar. Ya nuna mini tanki ya ce in ɗebi na alwala.

Da na idar, sai ga tiyo a naɗe gefen tankin. Na ce a raina, tsoho ne, aiki ya fi ƙarfinsa. Shekara goma sha ɗaya ina ban ruwa, ban taɓa wuce ganye mai laushi ba. Na warware tiyo, na bi layi biyu na masu matsewar, na shayar da su har suka ƙoshi.

Da suka fito, Baba ya tsaya ya dubi ƙasar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sati uku ina hana su ruwa."

Ya bayyana mana cewa in inabi ya kusa nuna, ƙishi ne ke tara masa zaƙi. In ya sha a lokacin, 'ya'yan su kumbura, su fashe, zaƙin ya tsinke.

Oga ya yi gyaran murya. "Baba, ina jin tiyon ne ke yoyo."

"Tiyon da ya warware kansa, ya bi layi biyu, ya dawo ya naɗe?"

Na ce, "Baba, ni ce. Na ga suna jin ƙishi ne."

Asabe ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Oga kuwa ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

Baba ya tsuguna ya tona gindin guda da yatsa. Ya ce, "Ba ki jiƙa ganye ba."

"A'a, Baba. Ruwa a ganye da rana cuta yake kawowa."

"Kuma kin yi wa kowane gindi ɗan rami."

"Don kada ruwan ya gudu."

Ya miƙe, ya ce wa Oga, "Ta ɓata mini layi biyu, amma da kyau ta ɓata su. Babban itace ne ke son ƙishi. Yankan reshe kuwa, ya kwana biyu a bushe ya tafi. Waɗanda suka zo a baya, babu wanda ya ko kalli ƙasa." Ya yanko reshe arba'in, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya miƙo mini, ba Oga ba. "'Yata, ki rene su. Ranar da suka fara 'ya'ya, a ba ki hutu."

A hanya Asabe ta ce, "Hajiya guda, kin sirka wa coci ruwan inabi." Oga bai yi dariya ba sai da muka wuce Paiko.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, a gonar wani, a tambaya kafin a taimaka. Mu masu reno hannunmu ya fi bakinmu sauri.

Washegari na riga kowa zuwa. Na dasa arba'in ɗin a inuwa, na shayar da su. Sai na zo kan wata tsohuwar gwaiba da nake ba ruwa kullum. Na daure na wuce ta. Na kai har bakin ƙofa, na tsaya, na dawo na ba ta rabin bokiti.